Masu Sa Ƙarfe Ya Ba da Shaida

A watan Yunin 2014, a birnin Siyatil na Amurka, kamfanin gwanjon motoci na Mecum ya sayar da wata shuɗiyar mota ƙirar Plymouth ta shekarar 1971 a kan dala miliyan 3.5. Sunanta Hemi 'Cuda, mai rufin da ake naɗewa, mai giyar hannu huɗu. Ba ta da na'urar sanyaya ciki, shan mai kuwa ba a magana, kuma motocin zamani da dama za su bar ta a baya in an jera. Wanda ya zube waɗannan kuɗi tabbaci ya saya: cewa injin da ke cikinta da giyabos ɗinta su ne ainihin waɗanda ta fito da su daga masana'anta, kuma ita ɗin ce motar da lambarta ta ce ita ce.

Wannan tabbaci ba ya samuwa da kallo. Kamfanin Plymouth ya ƙera dubban motoci masu wannan siffa da sunan Barracuda, akasarinsu da ƙananan injuna, na zuwa aiki da kai yara makaranta. Mutumin da ya samu ɗaya daga cikinsu, ya samo injin Hemi na wata motar, ya haɗu da gwanin fenti da gwanin walda, zai iya fito da abin da ko maigidan kamfanin ba zai bambance daga nesa ba. Amma kama da wane ba wane ba ne, kuma a nan tazarar da ke tsakanin wane da mai kama da shi tana iya haura dala miliyan ɗaya. Inda irin wannan kuɗi ya taru dole masu jabu su taru. A gefensu kuma sai aka samu wasu 'yan tsirarun mutane da suka ƙarar da shekarunsu suna koyon yadda za su tantance, kuma sana'arsu tana cikin mafi ban sha'awa da na sani a harkar mota.

Motocin ƙwanji na Amurka, irin su wannan 'Cuda, zamaninsu gajere ne. Yawanci ana ɗaukar farkonsa daga 1964, lokacin da Pontiac ta cusa babban inji a cikin matsakaiciyar mota ta kira ta GTO. A shekarar ce kuma Chrysler, uwar kamfanin Plymouth da Dodge, ta fito da injin Hemi 426 don tsere, Richard Petty ya ci gasar Daytona 500 da shi. Daga 1966 zuwa 1971 aka sayar wa jama'a shi: lita 7, silinda takwas, kafireta biyu, ƙarfin doki 425 a rubuce. Wanda ya so shi a cikin 'Cuda a 1970 sai ya ƙara kusan dala 870 a kan motar da kuɗinta ya ɗan haura dala 3,000, ga kamfanonin inshora sun sa wa samari masu irin waɗannan motoci kuɗi mai nauyi. Shi ya sa masu saye suka yi ƙaranci. A 1970 an yi 652 masu rufin ƙarfe da 14 masu rufin naɗewa don kasuwar Amurka. A 1971 masu rufin ƙarfen ɗari da 'yan kai ne kawai, masu rufin naɗewa kuwa ba su wuce dozin ba. Dokokin hayaƙi da tsadar man fetur ta 1973 suka rufe babin.

Abin da ya biyo baya shi ne tushen wahalar. Motocin suka zama kwantai, samari suka saye su da araha suka yi ta tsere da su. Inji ya fashe, a sa wani. Gishirin da ake zubawa a titunan Mishigan da Ohayo don narkar da ƙanƙara ya cinye ƙasan bodi. Ba wanda ya damu da ajiye rasit. Sai a shekarun 1980 da farashi ya fara tashi aka waiwayo ana tambayar wace ce wace.

Da a ce kowane kamfani ya adana littattafansa, da magana ta ƙare. Pontiac ta adana, kuma Jim Mattison ya kafa Pontiac Historic Services, inda mai GTO zai aika lambar motarsa a turo masa kwafin takardar cinikinta ta asali. Ford ma bayananta na kwamfuta daga 1967 suna nan, Kevin Marti na jihar Arizona ne ke da lasisin fitar da su. Chrysler kuwa katunanta sun tsaya ne a motocin 1967, na bayansu babu su. Chevrolet ma ba ta da na wannan zamanin, in ban da motocin da suka bi ta Kanada. Ke nan motocin da suka fi kowanne tsada su ne ba su da ofishin da za a je a tambaya. Shaidar da ta rage ita ce wadda ke jikin motar.

Mai tantancewa yakan fara ne daga lambar shasi, wadda tun 1968 ake liƙa ta a kan dashbod inda za a hango ta gilashin gaba. A motocin Chrysler na lokacin haruffa da alƙaluma 13 ne, kowanne da aikinsa. Idan ya ga BS23R0B, ya karanta ke nan: B Barracuda ce, S samfurin 'Cuda, 23 mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe, da mai naɗewa ce da 27 zai gani. Harafi na biyar shi ne inji, R kuwa Hemi ne a 1970 da 1971. Sifili shekarar 1970 ce, B ta ƙarshe masana'antar Hamtramck da ke cikin Ditroit, sai alƙaluma shida na jerin motar. Da G ce a wurin R, to inji 318 ne, motar kowa da kowa. Wannan karatun yaro ma zai koya a yini ɗaya, mai jabu ma ya iya shi. Gwani ba ya tsayawa a abin da lambar ta ce. Ƙusoshin da suka riƙe farantin yake dubawa, domin na masana'anta kansu kamar fure yake, kuma wanda aka taɓa cirewa aka mayar yakan bar alama a ƙasan dashbod. Yana duba kaurin haruffan, da tazararsu, da yadda suka taso daga ƙarfen.

Daga nan sai ya buɗe bonet. A jikin madigadin ciki na ɓangaren direba akwai wani ɗan faranti da aka ɗaura da sukurori biyu, cike da lambobin da ma'aikatan layi ke bi su san abin da za su sa wa motar. Daga ƙasa ake karanta shi zuwa sama. E74 injin Hemi ne, D21 giyar hannu huɗu, FC7 fenti ruwan shunayya, N96 bonet mai huda wanda murfin shan iskar inji ke leƙowa ta cikinsa yana rawa, wanda suke kira Shaker. Akwai kuma ranar da aka tsara harhaɗa motar, inda watannin Oktoba da Nuwamba da Disamba ke zama A da B da C. Sukurori biyu ba su da wuyar kwancewa, kuma an daɗe ana buga sababbin farantai, don haka a nan ilimin tsarin kamfanin ne ke aiki. Chrysler ba ta taɓa haɗa Hemi da na'urar sanyaya ciki ba, saboda haka farantin da ya ɗauki E74 da H51, lambar wannan na'ura, tare ya tona kansa. Hemi mai giyar hannu dole ta zo da ƙaton aksul ɗin baya na Dana 60. Wani launin sai tsakiyar shekara aka fara shi, ba zai yiwu a gan shi a motar da aka yi a farkonta ba. Masana'antar Hamtramck da ta Los Anjalas, wadda ita ma ta harhaɗa Barracuda a 1970, ba su jera lambobinsu iri ɗaya ba. Mai jabu yakan cika faranti da duk wani abin marmari da zai ɗaga farashi, kwaɗayin nan ne kuma ke kai shi ga haɗa abin da ba ya haɗuwa.

Wani lokaci sa'a takan zo. Kowace mota tana tafiya a kan layi da takardar umarni da kwamfuta ta buga, kuma ma'aikaci idan ya gama da tasa, maimakon ya nemi kwandon shara, sai ya cusa ta cikin sufirin ɗin kujerar baya ko ƙarƙashin kafet. Bayan shekara 50 ana ciro ta, ta yi ja, ɓera ya ci gefe, tsatsar sufirin ta zana layuka a jikinta. Gwani yana son waɗannan layukan fiye da rubutun, domin zai mayar da takardar wurinta ya ga ko zanen tsatsar ya hau daidai kan wayoyin kujerar. Ya kuma san cewa ba abin mamaki ba ne a tarar da takardar wata motar, tunda kujerun da aka yi iri ɗaya sukan sauya layi.

Duk waɗannan ana iya ɗauke su daga wata mota a kai wata. Abin da ya fi wuyar ɗauka shi ne bodin kansa, kuma a nan ne aikin ya fi daɗin kallo. Masana'anta ta buga wani ɓangare na lambar motar da guduma a wurare biyu na jikin ƙarfen: a kan ƙarfen da ke riƙe lagireto, da kuma bangon da ke ƙasan gilashin gaba. Mai wayo yakan yanko waɗannan wurare daga ruɓaɓɓiyar Hemi ta gaskiya ya yi musu walda a jikin lafiyayyar Barracuda, ya goge, ya shafe da fenti. Ta sama ba a ganin komai. Shi ya sa gwani ke yawo da ɗan madubi mai sanda da ƙaramar kyamara mai doguwar waya, yana leƙa bayan ƙarfen, inda hannun mai gogewa ba ya kaiwa. Yana kuma ɗauke da na'urar auna kaurin fenti, wadda ke nuna inda aka cike da bodi fila. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa sayen mota 'yar Kwatano, ya ga bakanike yana ƙwanƙwasa ƙofa da bayan yatsa yana gwada lambar shasi da ta takardun kwastam, ya ga wannan sana'a a matakinta na farko.

Sannan ya kwanta a ƙarƙashin motar. Ƙarfin Hemi yana iya murɗe bodin da ba a ƙarfafa ba, don haka kamfanin ya ƙara wa irin waɗannan motoci wasu akwatunan ƙarfe a kusurwoyin ƙasa, da faranti mai kauri a inda aksul ke dukan bodi idan an taka totur, da gadon inji na musamman. Ana sayar da kwaikwayon kowannensu a yau, a saya a liƙa. Abin da ba a sayarwa shi ne hannun da ya liƙa su a 1970. Waldar masana'anta ta matse ce, ƙarfe biyu a tsakanin haƙoran lantarki, tana barin ɗan zagayayyen lotsawa, tazarar wani da wani ba daidai ba, domin mai yin ta yana da 'yan daƙiƙu ne kafin mota ta gaba ta iso. Mai gyara a gareji yakan huda rami ya cike da waya ya goge ya yi sumul, a jere reras. Idan gwani ya ga walda ta yi kyau fiye da kima, a nan yake rage sauri.

Wannan, a ganina, shi ne zuciyar sana'ar baki ɗaya: sanin yadda gaggawar masana'anta take kama. Waɗannan motoci ba a yi su don gidan tarihi ba. Ana tsoma bodi cikin kwatamin share fage na fenti zuwa wani tsayi, ya fito yana ɗiga, ɗigon ya bushe a ƙasansa. Mai feshi yana fesa gefe, hazon fentin ya shiga ƙasa iya inda ya shiga. Injin ana fesa masa ruwan goro ne bayan an riga an ɗaura masa wasu kaya, har wayar batir ta ƙasa takan samu rabonta. Mai duba aiki yakan yi alama da alli ko ɗigon fenti a kan aksul. Mutumin da ya kwanta ƙarƙashin ɗaruruwan motocin da ba a taɓa gyarawa ba ya haddace wannan rashin tsari, ya san wane na Hamtramck ne, wane na farkon shekara, wane na ƙarshenta. Ya kuma san kurakuran kamfanin na gaskiya: alƙalamin da aka buga ba daidai ba aka maimaita a kansa, ko lambar da aka manta ba a sa a faranti ba. Ɗan koyo yakan ga irin wannan ya yanke hukuncin jabu, ya zalunci mota ta ƙwarai. Gwani sai ya tuna ya taɓa ganin kuskure iri ɗaya a wata motar da lambarta ke kusa da wannan.

Inji shi ne inda kuɗin ya fi taruwa, don haka nan aka fi yin aika-aika. A bulok ɗin Hemi akwai lambar zubi, 2468330, da ranar da aka zuba narkakken ƙarfen, duka a tashe suke daga jikinsa. A gefen dama, kusa da kaskon mai, akwai wani shafaffen wuri da aka buga lambar motar. Ƙa'idar mai sauƙi ce: zubi kafin harhaɗa inji, harhaɗa inji kafin harhaɗa mota. Bulok ɗin da ranarsa ta zo bayan ranar motar ba nata ba ne, ko me aka buga masa. Sai dai tazarar da ta dace ta bambanta. A injunan da ake yi dubbai kullum makonni ne, a Hemi kuwa da ake zuba bulok ɗinsa jefi-jefi a ajiye, tana iya kai watanni masu yawa. Haka ake bin gilashi, da kafireta, da lagireto, da ƙafafun ƙarfe, kowanne da ranarsa, a ga ko duk sun taru a bayan rana ɗaya kamar yadda ya kamata.

Masu Chevrolet sun fi kowa shan wannan wahala. Chevelle mai inji LS6 ta 1970, mai ƙarfin doki 450, guda 4,475 aka yi, amma lambar shasinta ba ta faɗin komai face cewa injin mai silinda takwas ne. Shi ya sa masu harkar kan ce waɗanda ke yawo a yau sun fi waɗanda aka ƙera yawa. Dukan shaidar takan koma kan wani fili da bai fi yatsu biyu ba a gaban bulok. Masana'antar inji ta Tonawanda da ke jihar Niyok ta buga tata lambar a wurin, T da wata da rana da haruffa irin su CRV, sannan masana'antar harhaɗa mota ta buga lambar motar da nata kayan bugun, don haka rubutu biyu ne masu hannu daban. A ƙarƙashinsu kuma akwai abin da ya fi su muhimmanci. Na'urar da ta fere saman bulok ɗin a masana'anta doguwa ce mai haƙora, tana barin siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya. Wanda ya kankare tsohuwar lamba da injin gareji zai bar layuka masu lanƙwasa. Masu jabu sun koyi ƙirƙirar miƙaƙƙun, masu tantancewa irin su Jerry MacNeish na jihar Merilan su kuma suka koma ga gilashin ƙara girma da hasken da ake haskawa a karkace. Kan guduma yana cinyewa da aiki. Idan alƙalamin 4 ya ɗan gutsure a masana'anta a wani mako, gutsurewar za ta bayyana a duk motocin wannan mako, kuma mai tarin hotuna zai nemi ta.

Tarin nan shi ne jarin gwani na gaskiya. Galen Govier, na Prairie du Chien ta jihar Wiskonsin, ya shafe shekaru gommai yana rubuta lambobin motocin Chrysler da farantansu, har rajistarsa ta zama abin da ake komawa a madadin littattafan da kamfanin ya rasa. Amfaninta ya wuce ƙirga. Motar da aka rubuta shekaru 30 da suka wuce tana da giya otomatik, yau ta bayyana da farantin giyar hannu, ta shiga uku. Haka idan motoci biyu suka fito da lamba ɗaya, ɗaya da farantin dashbod, ɗaya da bodin. Ga kuma bin salsalar masu motar, daga na yanzu zuwa na farko, ta takardun mallaka da tsofaffin hotuna da buga waya ga dattijon da ya saye ta sabuwa. Shi yakan tuna abin da ba a rubuta ba, kamar ranar da ya buge madigadin hagu a ƙofar gareji, sai a je a tarar da gyaran a wurin.

Ba kowace kwaikwayo ce zamba ba. Mutane da yawa suna mayar da Barracuda siffar Hemi 'Cuda don su more ta a titi, su faɗi haka a fili, su sayar a farashinta, kuma ban ga aibin wannan ba. Laifin yana farawa ne daga taɓa lamba, abin da dokar tarayyar Amurka ta haramta. Tsakanin biyun kuma akwai fili mai faɗi da har yau masu harkar ba su daidaita a kansa ba. Motar da tsatsa ta ci, aka sauya mata ƙasa da madigadai da but da ƙofofi, ya rage bangon gaba da rufi da ginshiƙai, ita ce har yanzu? Idan injinta ya fashe a 1971 dila ya sa mata sabon bulok na garanti wanda ba a buga masa lambar kowa ba fa?

Gwanin ƙwarai ba ya amsa irin wannan da kalma ɗaya, ko da mai motar ne ya biya shi kuɗin jirgi da masauki yana tsaye a kansa yana jiran albishir. Rahotonsa yakan bi motar gaɓa-gaɓa da hotuna: farantin dashbod na asali ne da ƙusoshinsa, lambar wajen lagireto ta asali ce, ƙasan bodi sabo ne, bulok ɗin na shekarar ne amma bugun da ke kansa bai yi kama da na masana'anta ba, giyabos nata ne. Inda shaida ta ƙare sai ya rubuta cewa ba a iya tabbatarwa, ya sa hannu a kan haka. Layi ɗaya irin wannan yana iya zaftare rabin kuɗin mota, kuma rahoton zai bi ta duk gwanjon da aka kai ta nan gaba. Shi ya sa masu gyaran da suka san darajar abin da ke hannunsu suke kiran mai tantancewa tun kafin a kwance sukuru ɗaya, ya ɗauki hoton kowace walda da kowane ɗigon fenti da kowace alamar alli, domin da zarar an wanke bodin da yashi, rabin shaidar ya tafi ke nan.